Ɗauri a Jere da Ƙofar Sakin Talala: Shari'ar Masallacin Kebek

Idan aka samu mutum da laifuka da yawa, alƙali na da hanya biyu. Ko dai hukunce-hukuncen su gudana lokaci guda, mafi tsawo ya haɗiye sauran, ko kuma su biyo juna, sai wannan ya ƙare wancan ya fara. Wanda aka yanke wa shekara 9 da shekara 6, a hanyar farko 9 ce a kansa, a ta biyu 15. A Kanada, galibi fursuna kan cancanci neman sakin talala bayan ya cinye sulusin wa'adinsa ko shekara 7, duk wanda ya fi gajarta. Ke nan mai 9 zai jira shekara 3, mai 15 kuwa sai 5.

To, ina ga ɗaurin rai da rai, tunda rai ɗaya ne? Wanda ya tsara kisan kai ya aikata shi da gangan a ƙasar ba ya neman saki sai bayan shekara 25. A 2011 majalisa ta ba alƙalai damar jera waɗannan shekaru, 25 kan kowane rai.

Ranar 29 ga Janairu, 2017, Alexandre Bissonnette ya harbe masallata 6 a wani masallaci da ke birnin Kebek. Bisa waccan doka, lissafinsa na iya kai shekara 150. Alƙali ya tsaya a 40, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi 25. A Mayun 2022 alƙalan Kotun Ƙoli baki ɗaya suka soke dokar, suka ce ɗaurin da ya toshe duk wata hanyar gyaruwa azaba ce da ke tauye mutuncin ɗan Adam.

Hukuncin ya sosa ran iyalan mamatan, kuma duk mai tausayi zai fahimce su. Sai dai a lura: cancantar nema ba ita ce saki ba. Bayan shekara 25 hukumar sakin talala za ta saurare shi, ta auna haɗarinsa ga jama'a, kuma tana iya hana shi har ya mutu a kurkuku. Ko an sake shi, yana ƙarƙashin sa ido da sharuɗɗa iya rayuwarsa. Saboda haka nauyin kare al'umma ya koma wuyan wannan hukuma, kuma haƙƙin iyalan ne a saurari kukansu a duk zaman da za ta yi.