Sokode da Dapaong: A Duba Wata Kafin a Duba Taswira

Duk wanda ya ce mini zai je arewacin Togo kallon namun daji, tambayar farko da nake yi masa ita ce: a wane wata? Gandun dajin Fazao-Malfakassa da ke yamma da Sokode shi ne mafi girma a ƙasar, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,920. Daga Mayu zuwa Oktoba damina ce, hanyoyin cikinsa duk taɓo, ciyawa kuma ta shanye mutum a tsaye. Giwa na iya kiwo kusa da kai ba ka da labari. Da rani ya kama sai ƙoramu su ƙafe, dole dabba ta nemi mashaya, can kuma mai jagora zai kai ka tun da asuba. Disamba da Janairu akwai sanyin hunturu mai daɗin tafiya, sai dai hazo yana tare duwatsu. Maris bazara ce, jiki zai gaya maka, amma a lokacin dabbobi sun fi taruwa a bakin ruwa.

Kada a je da hoton Serengeti a zuci. Nan ƙasar tuddai ce da kurmi. Birai da gada da tsuntsaye za ka gani, giwa kuwa sai mai rabo. Na fi son mutum ya ji wannan tun yana gida, don wanda aka cika wa baki shi ke dawowa yana raina wuri mai kyau.

Akwai kuma watan Musulunci, wanda ni a wurina ya fi na Bature nauyi a wannan tafiya. A watan Maulidi mutanen Tem, waɗanda muka fi sani da Kotokoli, suke bikin Adossa a Sokode: mahaya dawaki a fili, maza suna gurza wuƙa a jiki ba ta kama su, kamar dai 'yan taurinmu. Tunda watan yana matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara, wani lokaci ya dace da rani, wani lokaci ya faɗa tsakiyar damina, sai mutum ya zaɓi tsakanin biki da daji. Bahaushe ba baƙo ba ne a garin. Unguwar Didaure zangon fatake ce tun zamanin da ayarin jakuna ke ratsa wannan yanki zuwa Salaga ɗauko goro. Garin Mango da ke arewa ma, cikakken sunansa Sansanne Mango, sansanin nan ne na Hausa.

Takardu ba su da wahala. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar zama kwana 90 ba biza. Ka riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, ana tambayarsa a iyaka. Kuɗinsu sefa ce irin ta Nijar, ɗaure da yuro a kan 655.957, don haka mai naira ya yi canji tun kafin ya bar manyan garuruwa. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya.

Hanya guda ce ta tsaga ƙasar daga teku zuwa iyakar Burkina Faso. Daga Lome zuwa Sokode kusan kilomita 340, daga nan zuwa Dapaong kusan 300. A takarda kamar tafiyar yini, amma manyan motocin da ke kwasar kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa Wagadugu suna kanta dare da rana. Ka raba ta kwana uku. Ka tsaya a Aledjo, inda aka fasa dutse titi ya ratsa ta tsakiyarsa, ka kwana a Kara, sannan daga Kande ka ratse zuwa Kutammaku, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2004. Gidajen Batammariba, mutanen wurin, benaye ne na jar ƙasa: dabbobi a ƙasa, mutane a kan soro, rumbuna a kusurwa da hular ciyawa a kansu. Gidajen mutane ne da ake kwana a ciki, sai a yi sallama a nemi izini kafin a ɗaga waya.

Dapaong ce ke son a yi mata shiri daban. Kudu da garin, a yankin Tanjuware, akwai kogunan Nok a jikin wani dogon dutse. Ta tsanin ƙarfe ake sauka, a tarar da rumbunan laka jere a cikin kogo, inda mutanen Moba ke ɓuya da hatsinsu idan mahara sun taso. Sai dai tun watan Yunin 2022 yankin Savanes, inda Dapaong take, yana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, bayan harin da ya kashe sojoji 8 a Kpendjal a watan Mayun shekarar. Shingayen bincike suna da yawa, kuma abin da ake bari a wannan makon ana iya hana shi a mai zuwa. Saboda haka kada ka biya kuɗin masauki ko na mota na wannan ɓangare tun daga gida. Sai ka iso Kara ka tambayi direbobin tasha da 'yan zango, ka ji ta bakin jami'an tsaro, sannan ka yanke shawara. In za ka, ka ɗauki jagora ɗan gari, ka tashi bayan sallar asuba, ka koma masauki kafin la'asar, wayarka kuma ta zauna a aljihu a duk inda ka ga soja.