Hokin Ƙanƙara Wata Goma Sha Biyu: Abin da Ake Yi wa Yaran Kanada da Amurka

A farkon watan Yuli, lokacin da makarantu suka rufe a Kanada kuma zafi ya kankama, ana wata gasar hoki a birnin Edmonton mai suna Brick Invitational. Ana yin ta ne a filin ƙanƙarar da ke tsakiyar katafaren kantin West Edmonton Mall, masu sayayya na jingine da ƙarfen bene suna leƙo wa daga sama. Ƙungiyoyi na zuwa daga Toronto da Montreal da Boston da Detroit da Chicago, da kocinsu da rigunansu masu suna a baya. 'Yan wasan kuwa shekarunsu goma ne. Tun 1990 ake wannan gasa, kuma wasu daga cikin yaran da suka buga ta sun zama taurari daga baya. Shi ya sa iyaye da yawa suke fara shirin samar wa ɗansu gurbi a cikinta tun yana ɗan shekara bakwai ko takwas.

Ga wanda bai san wasan ba: mutum shida ne a kowane ɓangare har da mai tsaron raga, kowa da takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa yana sulu a kan ƙanƙara, da sanda mai lanƙwasa a hannu yana kora wani ɗan faifan baƙar roba. A Kanada abin ya wuce wasa. A 1994 majalisar ƙasar ta yi doka ta ayyana shi a matsayin wasan ƙasa na hunturu. Kuma da can na hunturun ne da gaske. Ana farawa wajen Oktoba, a tashi a Maris ko Afrilu, yaro ya rataye takalminsa ya ɗauki ƙwallon ƙafa ko besbol ko lakros, ko ya yi ta yawo a kan keke har kaka ta zagayo.

Yanzu injin sanyi ya kawar da wannan iyaka. Ana gama kakar hunturu sai a shiga gwajin zaɓen 'yan wasa na baɗi. Daga nan sai hokin bazara da gasanninsa na ƙarshen mako, sai sansanin horo na lokacin hutu, sai malami na musamman mai koyar da gudu a ƙanƙara, sai wani mai koyar da harbi. Kafin a ankara Satumba ta yi, yaron bai yi wata guda cur ba tare da ya sa takalmin ba.

Likitocin wasanni suna da ma'aunin da suke gane yaron da aka ƙulle a wasa ɗaya. Neeru Jayanthi, wani likita a Amurka, shi da abokan aikinsa suka tsara tambayoyi uku: shin yaron yana da wasa guda da ya fifita a kan sauran? Ya bar sauran wasanni saboda shi? Yana yin sa fiye da wata takwas a shekara? Wanda ya amsa da e sau uku, ya shiga sahun waɗanda aka fi jin tsoro a kansu. A binciken da suka fitar a 2015 kan yara sama da dubu a yankin Chicago, sun ga cewa irin waɗannan yara sun fi samun raunin da yawan maimaita motsi ɗaya ke jawowa. Sun kuma ga haɗarin yana ƙaruwa idan awoyin horon yaro a mako sun zarce adadin shekarunsa, wato ɗan shekara goma ya riƙa yin fiye da awa goma.

A hoki, inda abin ya fi ci shi ne kwatangwalo. Dubi yadda ɗan wasa yake gudu a ƙanƙara. Ba ya miƙewa tsaye. Yana durƙushe ne, gwiwa a lanƙwashe, ƙirji ya karkato gaba, sai ya tura ƙafa ɗaya gefe da baya da ƙarfi, ya janyo ta ƙarƙashin jikinsa, ya tura ɗayar. A kowane taku, kan ƙashin cinya yana murɗawa a cikin gurbinsa yana matse bakin gurbin. A jikin babba, ƙashin ya riga ya ƙosa. A jikin yaro kuwa, akwai wani siririn guringuntsi kusa da kan ƙashin wanda ta nan ƙashin ke girma, kuma ba ya rufewa sai an yi nisa cikin balaga. Idan aka yi ta matsa masa sau dubbai a mako ba hutu, jiki yakan mayar da martani da tara ƙarin ƙashi a wurin. Kan ƙashin da ya kamata ya zama mulmulalle sai ya yi ɗan tudu a gefe guda. Wannan tudun ne zai riƙa gurzar guringuntsin gurbin duk lokacin da aka ɗaga cinya.

Abin tausayi shi ne ba a jin komai da farko. A 2013 Marc Philippon, likitan tiyatar kwatangwalo a garin Vail na jihar Colorado, ya ɗauki hoton ƙashin yara masu hoki 'yan shekara 10 zuwa 18 waɗanda babu mai kukan ciwo a cikinsu, ya kwatanta da na takwarorinsu masu sulu a kan dusar ƙanƙara. Kashi 75 cikin 100 na masu hoki suna da alamar wannan tudu, a masu sulu kuwa kashi 42. Kuma yawan yana hawa yayin da shekarun yaran ke ƙaruwa. Ba duk mai tudun ne zai kwanta ciwo ba, amma an san yana da alaƙa da yagewar guringuntsi da kuma ciwon gaɓa tun ana da sauran ƙuruciya.

Masu tsaron raga su suka fi shan wuya. Tun bayan da Patrick Roy ya yi tashe daga tsakiyar shekarun 1980, salon da ya mamaye ko'ina shi ne mai tsaro ya faɗi a kan gwiwoyinsa biyu, ya haɗe su, ya baje ƙafafu gefe-gefe don toshe ƙasan raga. Salon yana aiki, amma yana murɗa kwatangwalo zuwa ciki har iyakarsa. Yaron da aka mayar mai tsaron raga tun yana ɗan shekara takwas, yana faɗuwar nan yana tashi ba adadi a kowane horo, wata goma sha biyu a shekara, ba a yi masa adalci ba. Na faɗi haka ne kai tsaye, domin yaro ba shi ne ya zaɓa ba, kuma shi zai ɗauki kwatangwalon har tsufansa.

Sai kuma zuciya. Jean Côté na Jami'ar Queen's da ke Ontario ya daɗe yana nazarin yadda 'yan wasa ke tasowa. Tsarin da ya fitar ya kasa ƙuruciya uku: daga shekara 6 zuwa 12 a ɗanɗana wasanni iri-iri, daga 13 zuwa 15 a rage su zuwa biyu ko uku, daga 16 a duƙufa kan guda. A wani ƙaramin bincike da ya yi da Michael Wall a 2007 kan yara masu hoki, sun tarar cewa waɗanda suka watsar da wasan sun fara atisaye mai tsanani na wajen ƙanƙara tun suna ƙanana fiye da waɗanda suka ɗore. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaron da duk abokansa 'yan hoki ne, hirar gidansu hoki ce, hutun iyalinsu tafiyar gasa ce, ranar da koci ya cire sunansa daga ƙungiya yana ɗan shekara 14 ba shi da wani wuri da zai tsaya. Wasu ba sa jira a cire su. Kawai wata safiya sai su ce ba za su ƙara sa takalmin ba, iyaye su rasa abin da ya faru.

To ko sadaukarwar tana biya? Iyaye sukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne cewa hoki na buƙatar a fara da wuri, domin wanda bai koyi tsayuwa a ƙanƙara yana ƙarami ba da wuya ya cim ma tsaransa. Amma fara wasa da wuri daban, hana yaro duk wani wasa daban. A 2019 masu bincike a Amurka sun tambayi 'yan wasa 91 daga gasar ƙwararru ta NHL da ta jami'o'i. Yawancinsu sun shiga wasanni tun suna shekara huɗu ko biyar, amma ba su keɓe kansu ga hoki ba sai wajen shekara 14. Kashi 12 cikin 100 ne kawai suka yi haka kafin shekara 12.

Tarihin manyan wasan ma haka ya nuna. Wayne Gretzky, wanda ya tara maki 2,857 a NHL, adadin da har yau babu wanda ya kusanta, ya taso ne a kan filin ƙanƙarar da mahaifinsa Walter yake daskarar masa a bayan gida a Brantford. Amma da bazara ta shigo yakan ajiye kayan hoki ya koma besbol da lakros, kuma ya sha faɗa a bainar jama'a cewa bai yarda yara su yi hoki shekara cur ba. Chris Drury ya ci gasar besbol ta yara ta duniya da ƙungiyar garin Trumbull a 1989, sannan ya ɗaga kofin Stanley na NHL da Colorado a 2001. Tagwayen nan na Suwidin, Daniel da Henrik Sedin, sun yi ƙwallon ƙafa sosai kafin su zaɓi hoki. Jarome Iginla ma, wanda mahaifinsa haifaffen Najeriya ne, gwanin besbol ne a ƙuruciyarsa a Alberta, ya kuma ƙare da ƙwallo 625 a NHL. Abin da yaro ya koya a wani wasa ba ya ɓacewa. Lakros na koyar da kauce wa mai kawo hari, besbol na haɗa ido da hannu, ƙwallon ƙafa na koyar da hangen fili da sanin inda abokin wasa zai ɓullo.

Me ya sa iyaye masu hankali suke ci gaba da yi duk da haka? Wani ɓangare na laifin yana kan zancen awa dubu goma da Malcolm Gladwell ya yayata a littafinsa Outliers a 2008, wato cewa sai an yi awa dubu goma ana atisaye kafin a ƙware. Asalin binciken na Anders Ericsson ne a 1993, a kan ɗaliban kiɗan goge na Turawa a Berlin, kuma Ericsson da kansa ya ce an juya masa magana. Akwai kuma yaudarar watan haihuwa. Tun a tsakiyar shekarun 1980 Roger Barnsley ya lura cewa manyan ƙungiyoyin matasa a Kanada cike suke da waɗanda aka haifa daga Janairu zuwa Maris, saboda ranar 1 ga Janairu ce ke raba aji. Ɗan Janairu ya girmi ɗan Disamba da kusan shekara guda, kuma a shekara tara wannan tazara babba ce a tsawo da ƙarfi. Koci sai ya ɗauka baiwa ce, alhali girma ne. Uban ɗan Disamba kuma sai ya ga ɗansa na baya, ya ƙara masa horo don ya cike giɓin da lokaci ne kawai zai cike shi.

Sannan akwai kuɗi. Filin ƙanƙara yana cin wuta ko ana wasa ko ba a yi, don haka mai shi yana son a cika shi har cikin Yuli. Masu sansanin horo da masu shirya gasa sana'arsu ke nan. Ba sai sun yi ƙarya ba, ya isa su ce wa uba ɗan maƙwabcinsa ya riga ya yi rajista. Iyalin da ɗansu ke matakin ƙoli na yara, wanda ake kira AAA, suna kashe dubban daloli a shekara kan rajista da kaya da otal da mai. Sanda ɗaya mai kyau takan kai dala ɗari uku, kuma tana iya karyewa a wasa guda. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi yana da wuya ya ce wa ɗansa ya huta. Alhali ƙofar da ake rububin shiga ƙarama ce ƙwarai: Kanada da Amurka kowacce na da 'yan wasa masu rajista wajen rabin miliyan, NHL kuwa ƙungiya 32 ce, tana zaɓen matasa kusan 224 a shekara daga duk duniya, kuma da yawansu ba za su taɓa buga wasa ko ɗaya a cikinta ba.

Hukumomin wasan sun fara gyara, ko da yake a hankali. Hukumar hoki ta Amurka ta fito da sabon tsarin renon yara a 2009 wanda ke ƙarfafa yin wasanni da yawa, ke kuma sa ƙananan yara su yi wasa a faɗin fili maimakon tsawonsa, don kowa ya riƙa taɓa faifan. Ta Kanada ta wajabta irin wannan ga 'yan shekara biyar da shida a 2017. Bayan binciken Carolyn Emery ta Jami'ar Calgary a 2010 ya nuna cewa bangazar juna na ninka rauni da girgizar ƙwaƙwalwa kusan sau uku a 'yan shekara 11 da 12, Amurka ta hana shi a wannan aji a 2011, Kanada ta bi a 2013. Sai dai yawancin hokin bazara na 'yan kasuwa ne, ba ya ƙarƙashin waɗannan hukumomi, don haka birkin yana hannun iyaye.

Iyalanmu da suka zauna a Toronto ko Calgary ko Minnesota, 'ya'yansu za su dawo daga makaranta suna roƙon a sa su a hoki, kuma babu laifi a sa su. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2016: a jinkirta keɓewa ga wasa ɗaya har wajen shekara 15 ko 16, a bar yaro ya huta kwana ɗaya ko biyu a mako, a kuma raba shi da babban wasansa wata uku a shekara, wata guda-guda a lokuta daban-daban, yana wasu wasannin. Idan yaro ya fara kukan ciwo a matsematsi, ko yana dafe gefen ƙugu bayan horo, ko zama a mota na tsawon lokaci yana damunsa, kada a ce ciwon girma ne a ba shi maganin ciwon jiki ya koma fili. A dakatar da horon, a kai shi wurin likita a duba kwatangwalon.