Yadda Za A Raba Gardama Da Ɗan Kwangila In Ya Ɓata Kayan Madafa

Sau da yawa a kan kawo wa Hakimai kuka a kan ɗan kwangila wanda aka ba shi gyaran madafa, ya gama ya tafi, sa'an nan aka tarar firji ko murhun lantarki ya daina aiki. Mai kaya ya ce ɗan kwangila ne ya ɓata, shi kuwa ya ce da ma can a lalace ya same shi. An shirya wannan bayani domin Hakimai da malamansu su san hanyar da za su bi.

Da farko, kada a bar kowa ya taɓa abin. Malamin Hakimi ya je da kansa, ya rubuta ranar da aka fara aiki, da ranar da aka ga ɓarna, da sunayen waɗanda suka ga abin yana aiki kafin nan. A nemi rasit na saye da takardar kwangila.

Na biyu, a kira gwanin gyara wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi, domin ɓarna ta kan nuna asalinta. Wutar gidaje a Nijeriya ƙarfinta wajen volt 230 ne. In mai haɗa waya ya yi kuskure ya haɗa layin wuta biyu, sai wajen volt 400 ya shiga firji, injinsa ya ƙone. Haka kuma in aka kwantar da firji wajen ɗauka, man injin ya kan malala cikin bututu, in aka kunna shi kafin ya yi awoyi a tsaye sai ya lalace. Waɗannan laifin ma'aikaci ne. Amma tsatsa da tsufa ba su hau kansa ba.

Na uku, a tuna da hukunci. A mazhabar Malikiyya, mai sana'a wanda ya tafi da kayan mutane shagonsa shi ke lamuncewa in sun ɓaci, sai fa in ya kawo shaidun cewa ba da sakacinsa ba ne. In kuwa a gidan mai kaya aka yi aikin, mai ƙara ne zai nuna sakaci. Abin da ya wajaba shi ne kuɗin gyara, ko kimar abin. Wanda firjinsa ya shekara 8 ba zai karɓi kuɗin sabo ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne Hakimi ya san iyakarsa. Aikinsa sulhu ne. Ba shi da ikon ƙwace kayan aikin ɗan kwangila, ko tsare shi, ko tilasta masa biya. In ya yi haka, sai ƙarar ta koma kansa, mai gaskiya kuma ya yi hasarar hakkinsa. In sun daidaita, malami ya rubuta adadin kuɗi da ranar biya, kowa ya sa hannu gaban shaidu 2, a ba kowa kwafi. In sun ƙi, a tura su kotu da duk takardun. In kayan na Ƙaramar Hukuma ne, a sanar da ita a rubuce nan da nan, domin kada a biya sauran kuɗin kwangila kafin a gama magana.

Rigakafi kuwa shi ne a ƙidaya kayan madafa, a gwada su gaban ɗan kwangila, ya sa hannu, tun kafin ya fara aiki.