Jirgin Shawagi: Tashi Sama Ba Tare da Inji Ba

Idan kun ratsa unguwar Ƙofar Dumi a birnin Bauchi bayan an girbe dawa, za ku iya tarar da yara a gindin katanga suna feƙe kara da reza. Sukan ɓare ɓawon karan, su yanka totuwarsa gunduwa-gunduwa, su soka wannan a jikin wancan, har su fitar da mota mai ƙafa huɗu. Wasunsu kuma jirgin sama suke ƙerawa, da fukafukai da wutsiya da farfela. Jirgin yakan yi kyau a ido, amma da zarar an jefa shi sai ya wuntsila ya faɗo. A daidai wannan lokaci, idan kun ɗaga kai, za ku hangi shirwa can sama tana kewayawa. Ta buɗe fukafukanta, ba ta kaɗa su, kuma ba ta faɗowa.

Mene ne bambancin shirwa da jirgin kara? Wanda ya gane amsar wannan tambaya zai iya ƙera ɗan jirgin da zai daɗe a sama ba tare da inji ba. Irin wannan jirgi shi ake kira jirgin shawagi. Akwai manya masu ɗaukar mutum ɗaya ko biyu, akwai kuma ƙanana waɗanda ake sarrafawa daga ƙasa da na'urar rediyo. Ƙananan su ne abin da za mu tattauna a wannan darasi.

Daga tsuntsu aka koya

Tun da daɗewa mutane suke kallon tsuntsaye suna sha'awar tashi. Masana tarihi sun ruwaito cewa Abbas bn Firnas, wani malami na birnin Ƙurɗuba a Andalus, ya ɗaura fukafukai ya gwada tashi a ƙarni na 9. A shekarar 1804 wani mutumin Ingila mai suna George Cayley ya ƙera ɗan ƙaramin jirgin shawagi mai fiffike a gaba da wutsiya a baya, siffar da jiragen sama suke bi har yau. Bayansa, Otto Lilienthal na Jamus ya daɗe yana nazarin wani tsuntsu ɗan dangin shamuwa. Daga 1891 zuwa 1896 ya yi shawagi wajen sau 2,000 daga kan tudu, kuma a irin wannan gwaji ya faɗo ya rasu. 'Yan'uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, sun yi gwaji da jiragen shawagi daga 1900 zuwa 1902, kafin su tashi da jirgi mai inji ranar 17 ga Disamba, 1903. Kun ga ke nan, shawagi aka fara koya kafin a sa inji.

Abubuwa uku da suke aiki a kan jirgin

Na farko shi ne nauyi. Nauyi yana jan kowane abu zuwa ƙasa. Na biyu shi ne ɗagawa. Ku riƙe faifai a kwance lokacin da iska take kaɗawa, sa'an nan ku ɗan ɗaga bakinsa na gaba. Za ku ji iska tana neman tura shi sama. Haka fiffike yake aiki: yana karkatar da iska zuwa ƙasa, ita kuma iskar ta tura shi sama. Idan bayan fiffiken yana da ɗan doro, aikin ya fi kyau, domin matsin iska yakan ragu a samansa. Na uku shi ne turjiya, wato yadda iska take tare duk abin da yake ratsa ta. Jirgi mai kaushin jiki ko mai faffaɗan hanci yana gamuwa da turjiya mai yawa, shi ya sa ake yin jirgin shawagi siriri, mai santsi, mai dogayen fukafukai.

To, tunda ba shi da inji, me yake tura shi gaba? Nauyinsa ne. Jirgin shawagi kullum gangarawa yake yi a cikin iska, kamar keke a kan gangara. Kyakkyawan jirgi shi ne wanda yake tafiya da nisa yana sauka kaɗan-kaɗan. Idan kun saki naku daga tsayin mita 1.5 ya yi tafiyar mita 12 kafin ya taɓa ƙasa, to yana cin mita 8 a duk mita 1 da ya sauka. Manyan jiragen shawagi na zamani suna cin mita 40 ko fiye.

Iskar da take hawa

Idan jirgin kullum sauka yake yi, yaya ake yi ya daɗe a sama? A nan ne asirin shirwa yake. Idan hantsi ya dubi ludayi, rana takan fara gasa ƙasa. Duwatsu da kwalta da rufin kwano da busasshiyar gona sun fi ciyawa da ruwa saurin ɗaukar zafi. Iskar da take kansu takan yi zafi, ta yi sauƙi, ta tashi sama kamar hayaƙi. Guguwar da kuke gani da bazara tana murɗa ƙura da ledoji alama ce ta irin wannan iska. Shirwa takan shiga cikin iskar mai hawa ta yi ta kewayawa. Tana sauka a cikin iskar, amma iskar tana hawa da saurin da ya fi na saukarta, saboda haka sai ta yi ta yin sama. Ungulu ma haka take yi, ko da yake yanzu ta yi ƙaranci a garuruwanmu.

Akwai kuma hanya ta biyu. Idan iska ta bugi tudu ko dutse, ba ta iya ratsa shi, dole ta hau. Jirgin da yake kai da komowa a gaban tudun zai zauna a sama muddin iskar tana kaɗawa. Ƙasar Bauchi tana da yalwar duwatsu, kamar Dutsen Zaranda da yake kan hanyar Jos, saboda haka tana da irin wannan iska sosai.

Ku fara da jirgin jifa

Kada ku fara da na'urar rediyo. Ku fara da jirgin da ake jefawa da hannu, domin ba ya cin kuɗi, kuma shi ne zai koya muku awo. A ƙasashen waje ana amfani da katakon balsa, wani katako marar nauyi wanda akasarinsa daga Ekwado yake fitowa. A nan gida kuna iya amfani da farin soson nan mai tauri da ake kare firji ko talabijin da shi a cikin kwali, ko kwali marar kauri. Za ku kuma buƙaci miƙaƙƙen kara ko tsagin gora, da reza, da rula, da gam, da salatif. Wani gam yana narkar da soso, saboda haka ku fara gwada shi a kan guntu.

Ku yanka fiffike mai tsawon santimita 60 da faɗin santimita 10. Ku goge bakinsa na gaba ya yi kewaye, na baya kuma ya yi siriri. Ku ɗan karya shi a tsakiya, ku ɗaga kowane gefe kamar santimita 4, ku manne shi a haka. Wannan ɗagawar ita take sa jirgin ya miƙe da kansa idan iska ta karkatar da shi. Gangar jiki ta zama santimita 50. A ƙarshenta ku manna wutsiyar kwance mai tsawon santimita 20 da faɗin 6, sa'an nan ku kafa wutsiyar tsaye mai tsayin santimita 7 a kanta. Ku ɗaura fiffiken da roba, bakinsa na gaba yana nesa da hanci da kamar santimita 13. Amfanin robar shi ne idan jirgin ya bugi ƙasa, fiffiken zai goce maimakon ya karye.

Yanzu sai aikin da ya fi kowanne muhimmanci, wato daidaita nauyi. Ku auna kashi ɗaya cikin uku na faɗin fiffiken daga bakinsa na gaba, wato kamar santimita 3, ku yi alama. Ku ɗora jirgin a kan yatsu biyu a daidai alamar. Idan wutsiya ta rinjaya, ku ɗaura ƙusa ko ɗan noti a hanci har jirgin ya tsaya daidai. Yawancin jiragen kara da suke wuntsilawa, rashin wannan awo ne yake kayar da su.

Ku gwada shi da sassafe ko da yamma liƙis, lokacin da iska ta kwanta. Ku fuskanci inda iska take fitowa, ku ɗan sunkuyar da hancinsa, ku tura shi a hankali. Idan ya ɗaga hanci, ya tsaya, ya faɗo, to hancin yana bukatar ƙarin nauyi. Idan ya kifa kai tsaye, nauyin ya yi yawa. Idan kullum gefe ɗaya yake juyawa, ku duba ko fiffike ya murɗe. Ku gyara abu ɗaya kawai kafin kowane gwaji, ku rubuta abin da kuka gani. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.

Yadda rediyo yake sarrafa shi

Idan kun iya daidaita jirgin jifa, kun shirya wa babba, mai fiffiken mita 1.5 zuwa 2. A bayan kowace wutsiya ana yanka wani ɗan ƙyaure mai motsi. Na wutsiyar tsaye yana juya jirgin dama ko hagu, na wutsiyar kwance kuma yana ɗaga hanci ko ya sunkuyar da shi. Matuƙi yana tsaye a ƙasa riƙe da rimot mai 'yan sanduna biyu. Idan ya motsa sanda, rimot ɗin ya aika saƙo ta iska. A cikin jirgin akwai na'urar karɓar saƙo da ƙaramin batir da wasu 'yan na'urori masu hannu da ake kira sarbo. Sarbo ne yake jan siririyar waya ya motsa ɗan ƙyauren. Yawancin rimot na yanzu suna aiki a kan zangon gigahaz 2.4, kuma kowanne ana ƙulla shi da na'urar karɓarsa, ta yadda mutane da yawa za su iya wasa a fili ɗaya ba tare da saƙonninsu sun cakuɗe ba.

Ana tayar da jirgin ta hanyar jifa, ko a ja shi da doguwar igiya mai roba har ya yi sama sa'an nan igiyar ta saki. Daga nan sai matuƙi ya shiga farautar iska mai hawa. Idan ya ga fiffike ɗaya ya ɗaga ba gaira ba dalili, ya san akwai iska mai hawa a wannan gefen, sai ya juya can ya fara kewayawa. Idan kuma ya ga shirwa tana kewayawa kusa, ta riga ta nuna masa wurin.

Wannan wasa yana da gasa ta duniya a ƙarƙashin ƙungiyar wasannin sararin sama, FAI, wadda aka kafa a Faris a 1905. A rukunin da ake kira F3K, fiffike ba ya wuce mita 1.5, kuma matuƙi yakan riƙe bakin fiffiken ya juya jikinsa ya wurga jirgin sama. A watan Janairu na 2021, wani Ba'amurke mai suna Spencer Lisenby ya tuƙa jirgin shawagi na rediyo a bayan wani tudu a jihar Kalifoniya har ya kai gudun kilomita 882 a sa'a, da ƙarfin iska kaɗai.

Doka da kiyaye lafiya

Jirgin rediyo yana iya raunata mutum, kuma yana iya jawo wa mai shi fushin hukuma. Tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, NCAA, ta hana tayar da jirage marasa matuƙi sai da izininta da na ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Saboda haka kafin ku tayar da duk wani jirgin rediyo, ku bi ta hannun malaminku da shugaban makaranta domin a nemi bayani daga hukuma. Ku nisanci filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da barikokin soja da wayoyin lantarki. Unguwa mai cunkoso irin Ƙofar Dumi wurin ƙira ce, amma tashi sai a buɗaɗɗen fili. Kada ku bar batir a rana, kuma kada ku huda shi, domin yana iya kamawa da wuta.

Ina wannan wasa yake kai mutum?

Jiragen sama sun fara sauka a Nijeriya ne a Kano, ranar 1 ga Nuwamba, 1925. A 1964 aka kafa Kwalejin Fasahar Jiragen Sama a Zariya, inda ake horar da matuƙa da injiniyoyi. A 2007 wani ɗalibin kimiyya a Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota da tarkacen ƙarfe, labarinsa ya zagaya duniya. A Fabrairun 2018 kuma aka ƙaddamar da Tsaigumi a Kaduna, jirgi marar matuƙi na Rundunar Sojan Sama ta Nijeriya. Duk waɗannan ayyuka suna bukatar abin da jirgin jifa yake koyarwa: a auna, a gwada, a rubuta, a gyara. Yaron da yake feƙe kara a Ƙofar Dumi ya riga ya iya aikin hannu. Ku ƙara masa rula da littafin rubutu, ku nuna masa inda zai ɗora yatsunsa biyu a ƙarƙashin fiffike.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne suke aiki a kan jirgin shawagi?
2. Ku bayyana yadda shirwa take yin sama ba tare da ta kaɗa fukafukanta ba.
3. Me za ku yi idan jirginku ya ɗaga hanci, ya tsaya, ya faɗo?
4. Ku yi jimla da kowace ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi: shawagi, turjiya, totuwa, hantsi, wuntsila.
5. Ku ƙera jirgin jifa a rukuni-rukuni, ku gwada shi sau biyar, ku rubuta rahoton abin da kuka gani cikin sakin layi biyu.