Zaɓen Gidan Kwana a Jami'ar Ibadan

'Yan'uwa, duk wanda Allah ya nufa da shiga Jami'ar Ibadan, in an ba shi zaɓin gidan kwana, kada kyan gini ya ruɗe shi. Kowane gida da halinsa.

Gidan Zik na maza ya yi suna wajen raha da wata tsokana da suke kira "aro", watau su yi ta yi wa mai wucewa ba'a daga kan bene. Mai saurin fushi zai wahala can. Mellanby kuwa, wanda aka buɗe a 1952, yana kusa da tsakiyar makaranta.

Ni dai shawarata, ka leƙa zauren hirarsu bayan magariba. In ka ga ana gardama ana dariya, aka kuma matsa maka ka zauna, to, nan za ka sami abokai.