Koya wa Yaro Tsarki Tsakanin Yaye da Shekara Bakwai: Mahangar Fiƙihun Malikiyya da Halin Bacirawa

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya umarci iyaye da su sa 'ya'yansu yin salla idan sun kai shekara bakwai. Hadisin ya shahara a bakin malamai da iyaye, sai dai ba kasafai ake tsayawa a kan abin da ya lizimta ba. Salla tana buƙatar tsarkin jiki da tufafi da wuri, malaman usulu kuma sun ƙaddara cewa abin da umarni ba ya cika sai da shi, shi ma ya shiga cikin umarnin. Ke nan yaron da za a ce ya tashi ya yi salla yana ɗan bakwai, wajibi ne ya riga ya iya kewayawa da yin tsarki da kansa. Lokacin wannan karatu shi ne daga yaye zuwa shekara bakwai, malamansa na farko kuwa su ne uwa da kaka da yayye. Wannan maƙala za ta dubi hukuncin al'amarin, da yadda ya shafi wuri irin Bacirawa, sannan ta kawo matakan koyarwa.

Matsayin mas'alar a Shari'a

Muslim ya ruwaito cewa an yi wa Salmanul Farisi (R.A.) gorin cewa Annabinsu ya koya musu komai har da zaman bayan gida. Salman ya amsa da alfahari, ya lissafa abin da aka hana su: fuskantar alƙibla, tsarki da hannun dama, taƙaitawa a ƙasa da duwatsu uku, da amfani da ƙashi ko kashin dabbobi. Abin da Annabi ya koyar da manyan sahabbai bai kamata kunya ta hana uba koya wa ɗansa ba. Bukhari da Muslim kuma sun kawo hadisin Ibn Abbas game da kaburbura biyu da ake yi wa ma'abotansu azaba, ɗayansu saboda rashin kiyaye fitsari.

Yaro ba mukallafi ba ne, don haka babu zunubi a kansa. Nauyin yana wuyan waliyyinsa. Wannan ne ya sa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 Hijiriyya, ya sanya bayanin tsarki a Risala, littafin da tun asali an wallafa shi domin karantar da yara. Ya bayyana cewa istinja'i ba ya cikin farillan alwala ko sunnoninta, babi ne na gusar da najasa don kada a yi salla da ita, kuma ruwa ya fi tsarkin hoge.

Akwai wani zato da ya yaɗu a gidaje, wai kashin jariri ba ƙazanta ba ne sosai. Fiƙihu bai goyi bayan wannan ba. Saɓanin malamai a kan fitsarin jariri namiji ne da bai fara cin abinci ba: Shafi'iyya da Hanabila sun wadatu da yayyafa ruwa, bisa hadisin Ummu Ƙais bint Mihsan, Malikiyya kuwa suna wanke na namiji da na mace baki ɗaya. Rangwamen da Malikiyya suka yi wa mai shayarwa ya taƙaita ne ga abin da ya taɓa tufafinta bayan ta yi iya ƙoƙarinta. Ba izini ba ne na barin kashin yaro a tsakar gida.

Halin Bacirawa

Bacirawa tana cikin Ƙaramar Hukumar Ungogo, arewa da birnin Kano, a yankin da aka daɗe ana noma kowane taƙi na ƙasa, gidaje da gonaki suna maƙwabtaka. Yau birni ya faɗaɗo, filaye sun ƙanƙance, tazarar da ke tsakanin rijiya da masai ta ragu, alhali masana tsaftar ruwa suna ba da shawarar a raba su da kimanin mita 30. A irin wannan wuri, yaron da aka ce ya zagaya bayan katanga, a haƙiƙa an tura shi ne ƙofar gidan maƙwabci ko gonar wani. Idan damina ta sauka, ruwa ya kwashi najasar zuwa kwata da kududdufi, ƙuda kuma su kai ta kan abinci.

Ta wannan hanya ce kwalara da taifot da tsutsar ciki da shan-inna ke yaɗuwa. Kano tana cikin jihohin da annobar kwalara ta 2021 ta fi yi wa ɓarna. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin kawo ƙarshen bahaya a fili, a 2022 kuma aka ayyana maƙwabciyarmu Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta kai ga wannan. Musulmi ba ya buƙatar jiran doka a nan, domin Muslim ya ruwaito hani ga yin bahaya a kan hanya da inuwar da mutane ke zama, Abu Dawud ya ƙara da mashayar ruwa.

Matakan koyarwa

Na farko, sabo da wuri guda. Iyaye mata sun saba ɗora jariri a kan ƙafafunsu idan ya nuna alama. Daga nan sai a koma ga fo, a riƙa ɗora shi da asuba da bayan cin abinci, a zubar da abin cikin masai nan take, a wanke fo ɗin nesa da rijiya da madafa.

Na biyu, shiga masai tare da babba, wajen shekara uku zuwa huɗu. Yawancin yaran da ke ƙin masai tsoro ne ke hana su: duhu, wari, da faɗin baki. Haƙƙin maigida ne ya ƙuntata bakin ramin, ya yi masa murfi, ya gyara dabensa don kada ya rufta. A nan ake koya masa sa takalmi, shiga da ƙafar hagu, fita da dama, da addu'ar neman tsari a waje kafin shiga.

Na uku, tsarkin kansa. A ba shi ƙaramar buta da zai iya ɗauka. Ya riƙe ta da dama, ya wanke da hagu, ya jira fitsari ya gama ɗiga, wato istibra'i, ya fara da gaba sannan baya kamar yadda Risala ta jeranta. Wannan jeri ya fi muhimmanci ga 'ya mace, domin jawo najasa daga baya zuwa gaba yana haifar da ciwon mafitsara. Uwa ta ci gaba da dubawa har sai ta gamsu.

Na huɗu, wanke hannu. Risala ta ambaci goga hannu a ƙasa sannan a wanke, manufar kuwa ita ce gusar da abin da ya maƙale. Sabulu ya fi cika wannan manufa a yau, idan babu shi toka tana taimakawa. A yanke masa farce, a ajiye sabulun a inda hannunsa zai kai.

Hanyar tarbiyya

Lokacin da balaraben ƙauye ya yi fitsari a masallaci, Annabi (S.A.W.) ya hana sahabbai katse shi, ya sa aka kwarara guga na ruwa, sannan ya yi masa bayani cikin taushi. Idan haka aka yi wa baligi a masallaci, ɗan shekara uku ya fi cancantar sassauci. Duka da tsawa da yi wa mai fitsarin kwance waƙar tozarci suna sa yaro ya ɓoye wandonsa ko ya matse bahaya har ya yi masa tauri. Idan fitsarin kwance ya zarce shekara bakwai, a kai shi asibiti.

Kammalawa

Malaman Islamiyya da na allo suna karantar da babin tsarki daga Ahalari da Ishmawi, amma makarantar da ba ta da makewayi da ruwa tana rushe a aikace abin da ta gina a karatu. Ya dace limamai su shigar da wannan batu cikin huɗuba, malamai mata su kai shi zaurukan matan aure, masu hali kuma su san cewa gina makewayi a makaranta sadaka ce mai gudana. Allah shi ne Mafi sani.