Na'urar gano ciwon mota: abin da ya kamata a sani kafin a saya

Yawancin motocin hannu da ke shigowa Nijar ta tashar ruwan Lome suna da kwamfuta a cikinsu. Ita ce ke kunna ƴar fitilar nan mai siffar inji a kan tablo idan ta ga wani abu ba daidai ba. Daga Yamai zuwa Damagaram, direbobi da dama kan yi watanni suna yawo da fitilar a kunne. Wasu kuma sai su yi ta canza kayan gyara da ka, kuɗi na tafiya, ciwo na nan. Na'urar bincike, wadda masu garaji ke kira «valise» ko sikana, tana rage wannan asara, muddin an sayi wadda ta dace da motar.

Shekarar motar da inda ta fito

Tsarin da waɗannan na'urori ke aiki da shi ana kiransa OBD2. Amurka ta wajabta shi ga ƙananan motoci tun 1996. A Turai ya zama dole ga masu shan esansi daga 2001, masu gazuwal kuma daga 2004. Mahaɗarsa tana da ramuka 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari.

Saboda haka tsohuwar Peugeot 504 ko Mercedes 190 ba ta da abin da za ta faɗa wa sikana. Haka ma injin 1HZ na tsofaffin Land Cruiser, wanda famfonsa na gazuwal ba ya aiki da kwamfuta. Motar da aka ƙera don kasuwar Japan ko ta ƙasashen Larabawa tana iya samun mahaɗar, amma ƙaramar na'ura ta kasa karanta ta. Manyan motocin kaya kuwa da wutar bolt 24 suke aiki, na'urar bolt 12 tana iya ƙonewa a jikinsu. Shi ya sa ya fi kyau a je wurin mai sayarwa da motar, a gwada a gabansa kafin a biya.

Iri uku ne a kasuwa

Na farko shi ne ɗan ƙaramin da ake kira ELM327, wanda ke haɗuwa da wayar salula ta Bluetooth ko Wi-Fi, a karanta sakamakon a manhaja irin su Torque ko Car Scanner. Shi ya fi araha, sai dai jabunsa sun yi yawa, kuma mai tsohon tsarin Bluetooth ba ya aiki da iPhone. Idan aka bar shi a maƙale kwana da kwanaki yana iya shanye batir, domin mahaɗar tana da wuta ko da mota a kashe take.

Na biyu shi ne na hannu mai allonsa da igiyarsa. Ba ya buƙatar waya ko intanet, daga motar yake samun wuta. Ga mai mota ɗaya da ke ƙananan gyare-gyare a gida, ko mai yawan bin dogon hanya kamar Tawa zuwa Agadas, wannan ya wadatar.

Waɗannan biyu galibi inji kaɗai suke dubawa. Wanda ke son ganin birkin ABS, jakar iska ko akwatin giya mai canza kansa, sai ya nemi na uku, wato manyan na'urorin kamfanoni irin su Autel da Launch, ko manhajar kamfanin motar: Techstream ga Toyota, Diagbox ga Peugeot da Citroën. Suna da tsada, kuma da yawansu sai an riƙa biyan kuɗin sabuntawa. Kayan mai garaji ne, ba na mai mota ɗaya ba.

Kowace aka zaɓa, a tabbatar tana nuna awon inji yayin da yake aiki, kamar zafin ruwa da yawan iskar da ke shiga, kuma tana da harshen da mai ita ke karantawa.

Lambar ba ta cewa a sayi kaya

Na'urar tana ba da harafi ɗaya da lambobi 4. P na nufin inji da giya, C ƙafafu da birki, B jikin mota, U kuma sadarwa tsakanin kwamfutocin. Lambar da ta fara da P0 ma'anarta ɗaya a kowace mota, amma P1 kowane kamfani da tasa fassarar.

A nan ne mutane suka fi yin asara. P0171 na cewa iska ta fi mai yawa a inji. Dalilin na iya zama tiyon iska da ya tsage, ko famfon mai da ya raunana, ko ƙurar hunturu da ta rufe ma'aunin iska. P0301 na cewa silinda ta 1 ba ta ƙona mai daidai: buji ne, ko bobin, ko injekta da gurɓataccen man ƴan ruwa-ruwa ya toshe. P0420 kan fito a motar da aka cire wa tukunyar tace hayaƙi kafin ta iso hannun mai saye, kuma canza ma'auni ba zai kashe fitilar ba. Na'urar tana nuna unguwar da ciwon yake, gano gidan kuwa aikin ido da hannu ne.

Goge lamba ba gyara ba ne. A rubuta ta tukuna, a yi gyaran, sannan a goge. Idan kuma fitilar tana ƙiftawa, a rage gudu a nemi wurin tsayawa, domin ɗanyen mai na shiga bututun hayaƙi yana lalata tukunyar.

Ranar sayen mota

Ko ƙaramar na'ura tana iya fanshe kuɗinta a filin sayar da motoci. Wani dillali kan goge lambobin kafin mai saye ya iso. Sai dai kwamfutar tana da jerin gwaje-gwajen da take yi wa kanta, kuma gogewa ko cire batir yana mayar da su farko, sai motar ta yi tafiya sosai kafin su kammala. Idan na'urar ta nuna yawancinsu ba su kammala ba, akwai dalilin tambaya, kuma akwai dalilin kiran bakanike kafin a miƙa kuɗi.